Rana Dubu Ta Ɓarawo: Gardamar Da Muka Yi A Kan Wani Wasan Talabijin

 

Mai girma shugaban wannan zama, shugaban ƙungiyarmu da 'yan kwamitinsa, malamanmu da Allah Ya ja da ransu har suka ga furfurarmu, 'yan ajinmu, da ƙannenmu da suka biyo baya, ina yi muku barka da zuwa.

Lokacin da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabin bana, ya ce in zaɓi duk abin da na ga dama, muddin ban wuce rabin sa'a ba. Da na buga masa waya na ce a kan wasan kwaikwayo na talabijin zan yi magana, sai ya yi shiru, can ya ce, "Alhaji, da girmanka?" To, ina roƙonsa, ina kuma roƙonku, a yi mini haƙuri a saurara. Wasan na Turawa ne, kuma ya tsufa, amma akwai wani bashi da nake ɗauke da shi tun muna aji biyar, kuma ta hanyar wannan wasa ne na gane bashi ne.

Sunan wasan Law and Order, wato doka da oda. Kada matasanmu su ɗauka na Amurka nake nufi, wanda aka fara a 1990. Wannan na Ingila ne, gidan talabijin na BBC ya nuna shi a tasharsa ta biyu cikin watan Afrilu na 1978, kashi huɗu, mako-mako. G. F. Newman ne ya rubuta, Les Blair ya ba da umarni, Tony Garnett kuma ya ɗauki nauyin shiryawa. A lokacin ina Landan wajen ƙaro ilmi, ina haya a gidan wata tsohuwa a arewacin birnin, kusa da titin Seven Sisters. Mu uku ne 'yan haya: ni, da wani mutumin Jamaika mai aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da wani lebura ɗan ƙasar Ailan. Akwatin talabijin ɗaya ne a gidan, a falon tsohuwar yake, saboda haka abin da aka kunna shi kowa zai kalla.

Kafin in shiga labarin, ya kamata ku san irin ɗan sandan da Bature ya saba gani a akwatinsa. Tun daga 1955 har zuwa 1976 BBC tana nuna wani wasa mai suna Dixon of Dock Green. Dixon dattijon ɗan sanda ne mai kaki, mai haƙuri, ya san kowa a unguwa, yakan buɗe shirin da yi wa masu kallo barka da yamma, ya rufe shi da 'yar nasiha. Abin dariya, a fim ɗin da aka fara nuna shi, The Blue Lamp na 1950, harbe shi aka yi ya mutu, amma saboda son da jama'a suke yi masa aka tashe shi aka kai shi talabijin. Jack Warner, wanda ya fito a matsayinsa, yana da shekara 80 a duniya lokacin da aka daina shirin. Tsohuwar gidanmu, wadda muke kira Mama, da Dixon ta yi rainon 'ya'yanta. A wurinta ɗan sanda shi ne Dixon, Dixon kuma shi ne ɗan sanda.

Alhali kuwa jaridu sun daɗe suna ba da wani labari dabam. A watan Nuwamba na 1969 jaridar The Times ta buga cewa wakilanta sun naɗi muryoyin wasu 'yan sandan ciki na Landan a asirce suna karɓar toshiyar baki daga hannun wani ƙaramin ɓarawo. A 1972 aka naɗa Robert Mark kwamishinan 'yan sandan birnin, mutumin da ya kafa sashe na musamman don binciken 'yan sanda su kansu, wanda kuma aka sani da cewa rundunar kirki ita ce wadda ɓarayin da take kamawa suka fi waɗanda take ɗauka aiki yawa. Kafin ya bar aiki a 1977, ɗaruruwan jami'ai sun ajiye aiki ko an sallame su. A wannan shekarar ta 1977 aka ɗaure Kwamanda Kenneth Drury, shugaban rundunar da ke farautar 'yan fashi, shekara 8, saboda cin hanci daga hannun wani dillalin littattafan batsa wanda har yawon shaƙatawa suka je tare a tsibirin Kuburus. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan. Amma karanta abu a jarida dabam, ganinsa a falonka bayan cin abincin dare kuma dabam.

Labarin wasan bai da wuyar faɗa. Labari ɗaya ne aka ba da shi ta fuska huɗu: ta ɗan sandan ciki, ta ɓarawo, ta lauya, da ta fursuna. Akwai Sufeto Fred Pyall, akwai kuma Jack Lynn, wanda fashi ne sana'arsa, ba a ɓoye mana wannan ba ko kaɗan. Sufeto ya ƙudura a ransa cewa lokacin Lynn ya yi. Da ya rasa hujjar kama shi a kan laifin da ya yi, sai ya rataya masa jakar tsaba a kan wani fashi da makami wanda ba ya wurin aka yi shi. Aka shirya shaidu, aka matsa wa wanda za a matsa wa, aka yi wa wanda za a yi wa alkawarin sassauci. Lauyan da ya kamata ya tsaya masa shi ma ɗan ciniki ne, ya san hanyar ofishin sufeto fiye da hanyar kotu. Aka yanke wa Lynn shekara 20. A kashi na ƙarshe muka ga yadda ya yi ta ihun cewa sharri aka yi masa, gandirobobi suka yi ta dukansa, aka yi ta ɗura masa magungunan kashe jiki, har ya zama ba ya iya ko ɗaga murya.

Abin da ya sa wasan ya yi zafi shi ne yadda aka ɗauke shi. Ba kiɗa, ba tseren motoci, ba fitattun 'yan wasan da za ka gani ka ce ai wane ne. Magana ƙasa-ƙasa ake yi, wani lokaci sai ka matso kusa da akwatin kafin ka ji, kamar ka leƙa ta tagar caji ofis. Kuma shi sufeton ba ya zare ido, ba ya daka tsawa. Yana karɓar hanci kamar yadda akawu yake karɓar albashinsa, yana shirya ƙarya kamar mai cike fom. Wallahi da an nuna shi mugu mai jajayen idanu, da hankalin mutane bai tashi haka ba.

To, ga ra'ayoyin da aka yi a falonmu.

Mama ta fara da cewa ƙarya ne, babu ɗan sandan Ingila da zai yi haka. Da mako na biyu ya zo sai ta sauya, ta ce ko da gaskiya ne bai kamata a nuna ba, domin idan yara suka daina ganin girman ɗan sanda, wa zai tsare tsofaffi irinta idan dare ya yi? Na lura ba ta ga bambanci tsakanin maganganun nan biyu ba, kuma ban ga laifinta ba. Ita kaɗai take kwana a benen ƙasa, kuma an taɓa fizge mata jaka a hanyar kasuwa. Duk da haka ba ta taɓa tashi ta kashe akwatin ba.

Mutumin Jamaika dariya ya yi ta yi, dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce shi abin da ya ba shi mamaki ɗaya ne, wato wai sai yanzu Turawa suka ji. A lokacin akwai wata tsohuwar doka ta 1824 da ta ba ɗan sanda ikon kama mutum saboda kawai yana zaton zai aikata laifi, kuma samarin baƙar fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Ba a soke wannan sashe ba sai a 1981, shekarar da aka yi tarzomar unguwar Brixton. Ya ce da mu, "Wannan Lynn ɗin ma ai gata gare shi, har da lauya."

Akwai kuma surukin Mama, tsohon ɗan sanda mai kaki da ya yi ritaya, wanda yakan zo ranar Lahadi. Shi ne ya fi kowa fushi, amma fushinsa ya fi na kowa ma'ana. Bai ce babu irin su Pyall ba. Ya ce ya san su, kuma su masu kaki sun daɗe suna ƙyamar 'yan farin kaya saboda haka. Abin da ya ƙona masa rai shi ne a cikin sa'o'i fiye da biyar ba a nuna mutumin kirki ko ɗaya da ya ce a'a ba. Ya ce ya yi aiki shekara da shekaru bai karɓi ko sisin kowa ba, yanzu ga shi mai sayar da jarida yana yi masa kallon ɓarawo. Har yau ina ganin yana da gaskiya a nan. Marubucin ya zaɓi ya nuna rami ne kawai, bai nuna masu kewaye shi ba. Sai dai da mutumin Jamaika ya tambaye shi, "To kai da ka san su, wa ka taɓa kai ƙara?" sai ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya duba motarsa.

Ɗan Ailan kuwa bai ce uffan ba har aka gama kashi huɗun. Ranar ƙarshe, da aka kashe akwatin, ya miƙe ya ce, "Akwai mutanenmu a ciki yanzu haka da ko allura ba su taɓa sata ba." Ya hau bene. Mama ta yi tsaki, ta ce 'yan bam yake nufi. Ni ma a raina haka na ce.

Abin da aka yi a falonmu shi aka yi a ƙasar baki ɗaya, sai dai da babbar murya. Ƙungiyar 'yan sanda ta yi tir da wasan. 'Yan majalisa suka tashi a zauren majalisa suka yi ta suka. Ƙungiyar gandirobobi ta hana ma'aikatan BBC shiga gidajen yari ɗaukar hoto na wani lokaci. Wasu masu sharhi a jaridu kuma suka ce ba a taɓa faɗar gaskiya a talabijin kamar wannan karon ba. Daga nan wasan ya yi ɓatan dabo, mai son ya mallake shi sai da ya jira har 2008 kafin a fitar da shi a faifan DVD.

Yanzu sai nawa ra'ayin, wanda shi ne dalilin tsayuwata a gabanku. Ni ban ce ƙarya ne ba, ban kuma ce kada a nuna ba. Abin da na ce shi ne: to, sai me? Ai Lynn ɓarawo ne. Idan bai yi wannan fashin ba, ya yi wasu goma da ba a kama shi ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na ce sufeto ya bi karkatacciyar hanya, amma ya isa inda ya kamata. Har na fassara musu karin maganar da Turanci, Mama ta ji daɗi ta ƙara mini shayi.

Kuma muna da hujja a bakin ƙofarmu. Akwai wani mutumin gabashin Landan mai suna George Davis, wanda aka ɗaure shekara 20 a 1975 bisa zargin fashi a ofishin hukumar lantarki da ke Ilford. 'Yan'uwansa da abokansa suka ce sharri ne, suka cika bangayen birni da rubutu, har suka je suka tone filin wasan kurket na Headingley a watan Agusta na 1975, aka fasa ƙarasa wasan Ingila da Ostareliya. A watan Mayu na 1976 ministan cikin gida Roy Jenkins ya sa aka sake shi saboda shakkar da ke cikin shaidar. Ba a rufa shekara biyu ba, a watan Satumba na 1977, aka kama shi dumu-dumu wajen fashi a Bankin Kuburus da ke titin Seven Sisters, wato titinmu. Ya amsa laifinsa, aka sake ɗaure shi. Duk lokacin da mutumin Jamaika ya ɗago maganar sharri, sai Mama ta nuna masa hanyar bankin da yatsa, ni kuma in gyaɗa kai.

Ban tsaya na yi tunanin abu guda ba a lokacin. Idan aka ɗaure wanda bai yi fashin ba, waɗanda suka yi suna ina? Suna gari, da bindigoginsu, an kuma rufe fayil. Ban kuma yi tunanin cewa hannun da ya saba shirya shaidar ƙarya a kan ɓarawo ba zai manta yadda ake yi ba ranar da aka kawo masa wanda ba ɓarawo ba. Wata guda bayan wasan, a watan Mayu na 1978, 'yan fashi suka harbe wani mai gadin kuɗi a ginin jaridar Daily Mirror. Zargin cewa akwai hannun 'yan sanda a wannan fashi da wasu biyu kafinsa ya sa aka buɗe binciken da ake kira Countryman a wannan shekarar, aka ɗauko jami'ai daga lardin Dorset saboda ba a amince na Landan su binciki kansu ba. Aka yi shekara huɗu ana abu ɗaya, aka kashe miliyoyin fam, waɗanda aka samu da laifi a kotu ba su taka kara sun karya ba.

Na dawo gida, na kama aiki, na manta da wasan. Sai a watan Oktoba na 1989 ina sauraron rediyo na ji an saki mutum huɗu da aka ɗaure tun 1975 bisa zargin dasa bam a garin Guildford, bayan an gano cewa 'yan sanda sun yi wasa da takardun da suka ce ikirarinsu ne. Ɗaya daga cikinsu, Gerry Conlon, mahaifinsa Giuseppe ya rasu yana ɗaure a 1980, shi ma a kan laifin da daga baya kotu ta soke. A watan Maris na 1991 aka saki wasu shida na Birmingham bayan shekara 16. Su ne mutanen da leburan nan yake nufi. Na zauna riƙe da rediyo ina ƙoƙarin tuna ko na taɓa yi masa magana mai daɗi bayan wannan dare, na kasa.

'Yan ajinmu da suka karanta shari'a sun san Lord Denning, sun haddace hukunce-hukuncensa. A 1980, da mutanen Birmingham suka nemi kai 'yan sanda ƙara saboda dukan da aka yi musu, Denning ya hana. Dalilinsa shi ne idan suka ci nasara, to ya tabbata ke nan 'yan sanda sun yi rantsuwar ƙarya, sun yi duka, sun ƙirƙiri ikirari, kuma wannan abu ne mai munin da bai kamata a bari a je gare shi ba. Ku duba da kyau, wannan ita ce maganar Mama ta mako na biyu, sai dai ita a falo ta faɗe ta, shi kuwa a kan kujerar alƙali.

Ba zan ce wasan ne ya gyara dokar Ingila ba, domin ba shi ba ne. Tun kafin a nuna shi an riga an shiga bincike saboda shari'ar kisan Maxwell Confait, inda aka ɗaure yara uku a 1972 bisa ikirarin da aka soke a 1975. Daga nan aka bi har aka yi dokar 1984 wadda ta tsara yadda ake tsare mutum da yi masa tambayoyi, ta kuma kawo naɗar muryar wanda ake tuhuma a kaset. A 1986 aka kafa hukumar gabatar da ƙara mai zaman kanta, aka karɓe wannan aiki daga hannun 'yan sanda. Shi kuwa George Davis, a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin farko na 1975, ta ce ba abin dogaro ba ne. Na bankin titinmu yana nan daram, domin shi ya yi. Wato kotu ta raba abu biyun da ni na kasa rabawa a falon Mama.

Malamaina, 'yan'uwana, ga bashin. Waɗanda muka zauna gida ɗaya za su tuna shekarar da muke aji biyar, kafin a sauya kuɗi zuwa naira, aka fasa akwatin wani ɗan aji ɗaya daren Asabar aka kwashe kuɗin motarsa na komawa gida, sule goma sha biyar. Za ku tuna wanda aka kama. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san shi. Kowa ya san hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ba sukari ba, ba kwaki ba, ba gwangwanin kifi ba. Da aka ce shi ne, babu wanda ya yi musu. Aka yi masa bulala a gaban taron safe, aka sallame shi, bai zauna jarrabawar fita ba.

Ni ne firifet na gidan. Kuma na san ba shi ba ne, domin a daren nan ya tsallake shinge ya tafi gari kallon fim ɗin Indiya, tun bayan sallar magariba har tsakar dare. Na sani ne saboda ni ma ina cikin silimar, layi biyu a bayansa, tare muka dawo ta bayan gonar makaranta. Akwatin kuwa an riga an same shi a fashe tun kafin a kashe fitila. Da maigidan namu ya tambaye ni ko ina da abin cewa, ya juyo ya kalle ni. Da na buɗe baki da na rasa muƙamina, wataƙila ma a haɗa ni da shi. Sai na ce da kaina, ai ya saci wasu abubuwan, rana dubu ta ɓarawo. Na ce, "Babu, Malam." Shi kuma bai tona ni ba, har ya ɗauki akwatinsa ya fita ta babbar ƙofa.

Malaman da suka yanke hukuncin ba su da laifi, da abin da aka ba su suka yi aiki. Wanda ya ɗauki kuɗin, in yana raye, shi ya san kansa. Ni nawa na faɗa.

Na nemi mutumin nan bayan na yi ritaya, aka ce mini ya rasu, Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa. An ce ya bar iyali. Ina roƙon duk wanda ya san inda 'ya'yansa suke ya same ni bayan an tashi, kafin a zauna cin abinci. Ina kuma roƙon sakatare, idan za a buga wannan jawabi a mujallarmu, kada ya cire wannan sashe don ya rufa mini asiri.

Mai girma shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu.